Jar Tutar Kakana

Ranar Asabar da ta wuce na fito da kayan tsohon akwatina ina shanyawa saboda warin danshi, sai ƙaramar 'yata ta zaro wani jan ƙyalle daga can ƙasa. Ta warware shi daga jikin 'yar sandarsa, ta yafa a kai, sandar tana reto a bayanta, ta hau zagaye tsakar gida wai ita amarya. Tun kafin in juyo warin ya riga ya iske ni: baƙin mai, tsatsa, da gumin tafin hannu. Shekara kusan ashirin ƙyallen nan yana naɗe amma warin bai bar shi ba. Na tsaya da zane a hannu ina kallonta, ban ce mata ta ajiye ba.

Tutar kakana ce. Shi ne mai juya layi a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa da ke gefen unguwarmu, wajen Challawa. In ba ka san aikin ba, ga yadda yake. Layin dogo guda ɗaya ne tilo, to a bakin tasha sai ya rabu biyu don jirgi ya kauce wa ɗan'uwansa. A daidai inda ya rabun akwai wani ƙarfe mai nauyi da ake ja da hannu, shi ke zaɓa wa jirgi layin da zai bi. Wannan ƙarfen kakana ya yi shekara talatin da wani abu yana ja. Yana da tuta biyu, koriya da ja, da hular aiki irin hana-sallah wadda ba ya cirewa sai zai yi alwala.

A hannunsu na tashi, shi da Inna, kakata. Tun da aka yaye ni aka kai mata ni riƙo. Iyayena suna Na'ibawa, babana yana aiki a wani kamfanin jima a nan Challawa, yakan leƙo mu a kan kekensa in ya tashi daga aiki. Gidanmu na ƙasa ne, zaure ɗaya da ɗaki biyu, bayansa yana kallon layi. In jirgi zai wuce kwanukan jeren Inna ne ke fara sanarwa.

Tarihin tashar a bakin kakana na ji shi, kuma na ji shi har na gaji. Ya ce ba don mutane aka gina ta ba, don ƙishirwar inji aka gina ta. Jiragen farko na kwal ne, ba sa tafiya mai nisa sai sun sha ruwa, ga kogi a kusa, shi ne Turawa suka kafa ƙaton tanki a kan ƙafafun ƙarfe, suka yi ɗan ofis mai rufin kwano da dandamali. Layin ma ta tsakiyar gonar mahaifinsa ya bi, ya raba ta biyu, dawa a wannan gefe, gero a wancan. Daga baya aka fara lodin gyaɗa da ƙiraga, da shanu a taragon da ke da tagogin katako. Da kamfanoni suka zo sai aka ja wa wasunsu ƙananan layuka har cikin harabarsu. Ya ce a lokacin in ka tsaya a dandamali da safe, Hausa za ka ji, da Yarbanci, da yaren mutanen Kafanchan da na Filato da suka zo aiki a masaƙa, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a ƙyalle.

A jikin bangon ofis akwai baƙin allo da ake rubuta lokutan jirage da alli. Kakana ya haddace shi kamar karatu. Babban jirgin Legas ba ya tsaya mana, sai dai ya rage gudu, fasinjoji su leƙo. Akwai na Fatakwal. Akwai ƙaramin nan mai tsayawa a kowace tasha, wanda mata ke sayar wa fasinjansa dafaffen ƙwai da gurasa ta taga. Sai jiragen kaya, waɗanda ba su da lokaci. Ni dai da na yi wayo, a farkon shekarun dubu biyu, jirgin fasinja sau biyu yake zuwa a sati. Ya koma sau ɗaya. Daga nan ya koma sai ranar da aka gan shi. Ma'aikatan tashar aka riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya sa wa ofis kwaɗo ya tafi, ya bar rubutun alli a allo har ruwa ya wanke shi.

Kakana ya riga ya yi ritaya tun kafin nan, amma ba wanda ya gaya wa ƙafafunsa. Kullum bayan ya karya sai ya sa hula, ya ɗauki gwangwanin baƙin mai da yake roƙowa a wurin masu gyaran janareta, ya je ya shafe ƙarfen juya layi, ya ja shi gaba, ya ja shi baya, ya cire ciyawa. In ya dawo ya tarar da ni a zaure sai ya ƙame.

"Ranki ya daɗe, shugabar tasha. Yau jirgi zai zo?"

"Sai gobe."

"Jiya ma haka kika ce. Za mu kai ƙararki."

Sau ɗaya ya taɓa dukana a rayuwa, kuma a kan tutar nan ne. Ina 'yar shekara shida ko bakwai na ciro ta daga ƙusar zaure, na yafa, na fita bayan gida ina rawa a gefen layi. Ban san sanda ya iso ba, sai dai na ji mari. Bai yi tsawa ba. Ya karɓe tutar, ya tsuguna har idonsa ya zo daidai nawa, ya ce ja ba a ɗaga ta sai rai yana cikin haɗari. Direba yana ganinta zai taka birki da duk ƙarfinsa, bai tambaya ba, saboda ya yarda da hannun da ya ɗaga ta. Ranar da aka ɗaga masa ita a banza, gobe zai tsaya tunani, kuma a cikin tunanin nan ake mutuwa. Ya naɗe ta a gabana irin naɗinsa: a fara lanƙwaso kusurwa ciki, a murɗa tam, a cusa bakin ƙarshe a ƙasa, yadda in an girgiza sau ɗaya za ta buɗe gaba ɗaya. Da yamma ya sayo mini alewa, amma bai ba ni haƙuri ba.

'Yan reluwe na wannan layin suna da wata al'ada tasu. In ɗayansu ya rasu, sai a rataye hular aikinsa a saman sandar sigina, mai ba direba alamar tsayawa ko wucewa, da ke mashigar tasha. Direban da ya fara zuwa, da ya hango hula, zai busa sau uku, dogaye, ba irin gajeriyar busar korar awaki ba. Sai an busa ake sauke hular a miƙa wa iyalinsa. Kakana ya rataye huluna da yawa da hannunsa. Ta ƙarshe ita ce ta abokinsa mai kunna fitilun sigina, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna, wanda suka yi shekaru suna cin goro tare. Ya ce ita sanda ba ta tambayar mai hula inda yake ibada. A lokacin mai fitila, washegari jirgi ya zo ya busa.

Wata rana muna cin tuwo ya ce wa Inna, "In na riga ki, a rataye hulata. Kada a sauke sai an busa."

"Malam, ku dai ku roƙi cikawa da imani, ku bar zancen hula."

"Wannan Allah nake roƙo. Hular kuwa ke nake roƙo."

Ya rasu cikin sanyi, ina shekara goma sha biyu. Ya je ya shafa mai kamar kullum, ya dawo ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya sha rabin kokonsa ya kwanta. Kafin azahar an rufe masa fuska, kafin magariba an dawo daga maƙabarta. Mata suna ta kuka a tsakar gida, ni kuwa ban ji komai ba. Na ɗauki kofin kokon na zubar da ragowar, na wanke, na kife. Wata gwaggona ta ce yarinyar nan zuciyarta dutse ce. Ban ji haushinta ba, don ni ma abin da nake zato ke nan.

Ranar sadakar uku Inna ta miƙa wa babana hular.

"Inna, wannan fa ba ya cikin addini."

"Na sani. Hau ka rataye."

Ya hau tsanin sandar yana gunaguni, ya ɗaure ta da waya don kada iska ta ɗauke.

Daga nan sai jira. Inna ta shiga takaba, ba ta fita, ni ce idonta a waje. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. A shekarun ne kamfanoni suka riƙa rufewa, jiniyar tashi daga aiki da muke saita girki da ita ta riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin su babana ya rage ma'aikata, babana ya koma wani na roba a Sharaɗa, zuwansa ya koma ranar Lahadi kawai. Layi ya zama wurin shanyar barkono da wanki. Awaki suka mayar da dandamali ɗakin kwanansu. Ruwan kwata mai launi da ke fitowa daga wuraren jima ya ci gaba da bin gefen layi da warinsa, shi kaɗai ne bai canja ba. Kullum in zan tafi makaranta sai in ɗaga kai in ga hular, in na dawo Inna ta tambaye ni, in ce tana nan.

A tsakiyar zafi jirgi ya zo, na kaya. Kwanukan jere suka fara rawa, Inna ta ajiye carbinta ta gyara zama. Ya busa sau ɗaya, gajeriya, saboda masu barkono, ya wuce. Muka saurara har ƙarar ta ɓace.

"Ɗaya ce," in ji ta. Ta ɗauki carbinta ta ci gaba.

Da ta fita takaba babana ya zo da maganar da aka riga aka yanke, cewa za mu koma wurinsu a Na'ibawa, har an share mata ɗaki. Ba don kaɗaici kawai ba. Bangon bayan ɗakin da muke kwana ya tsage tun daminar bara, kakana yana cewa zai yi yaɓe bai samu yi ba. Yanzu tsagar ta kai in na kwanta ina hango hasken waje ta cikinta. Magini ya zo ya duba ya ce ginin ya gama, ba gyara, in damina ta yi ƙarfi zai zauna. Ɗaya ɗakin kuwa rufinsa ya riga ya rufta.

"Inna, ku yi wa Allah ku tashi. Hular tana nan, in an busa za a gaya muku."

"Ni ya roƙa. Ba a gaya mini, ni zan ji."

"To in jirgin bai sake zuwa ba fa?"

"Ka ɗauki 'yarka in tsoro kake ji."

Ya dube ni, na ce ba inda za ni. Ba jarumta ba ce, ban dai ga bambanci tsakanin can da nan ba. Ya samo azara biyu ya tokare bangon, ya hau kekensa ya tafi bai yi sallama ba.

Ruwa ya sauka. Duk sanda aka yi mai ƙarfi sai mu ji ƙasa tana zubowa a bayan gado kaɗan-kaɗan, kamar ana tankaɗe. Da safe in share, in kwashe a tsohon kwano. Inna tana gani. Na san bangon zai faɗo mana, na san shi kamar yadda na san ranar Juma'a tana zuwa, kuma ko faɗuwar gaba ban ji ba. Abin da na iya lissafawa kawai shi ne, direban da ya wuce bai san hula ba, na bayansa ma ba lalle ya sani ba.

Wata Talata bayan la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, ina zaure ina wanke allona sai na ji yara suna ihu, "Jirgi! Jirgi!" Tutocin suna rataye a ƙusarsu inda kakana ya bar su. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na ciro jar, na cusa a cikin hijabi, na bi gefen layi da gudu cikin taɓo har na wuce sandar sigina, inda katangar wani kamfani ta kare ni daga gidanmu. Na tsaya yadda kakana yake tsayawa, ƙafa a ware, na girgiza ta sau ɗaya ta buɗe, na miƙe hannu ban kaɗa ba.

Jirgin kaya ne, a hankali yake tafiya saboda ciyawa ta rufe layi, amma duk da haka ƙarar birkin sai da ta shiga haƙorana. Taragai suka riƙa karo da juna har can baya. Ya tsaya, kan jirgin yana huci a gabana. Direban ya diro, saurayi ne, bai kai babana ba.

"Ke! Mene ne? Layi ya karye ne?"

Na nuna masa saman sanda.

"Me zan gani?"

"Hula."

"Hular wa?"

"Ta kakana. Shi ne mai juya layi a nan. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To sai me?"

A nan na gane bai taɓa jin zancen ba. Na tsaya cikin taɓo na koya masa al'adar aikinsu, ni 'yar shekara goma sha biyu, da muryar da nake biya karatu. Ya saurara yana duba agogo. Ya ce shi shekararsa huɗu a kan inji, ba wanda ya taɓa gaya masa wannan. Ya ce na san abin da na yi laifi ne babba, ana kama mutum a kai? Na ce na sani. Ya dubi hular, ya dubi ƙafafuna, ya goge fuska da tafin hannu.

"Sau nawa kika ce?"

"Uku. Dogaye."

Ya hau. Ta farko ya so ya katse ta da wuri, na ɗaga masa hannu ya riƙe, sai da na sauke ya saki. Haka muka yi ta biyu, haka ta uku. Tsuntsaye suka tashi daga kan tsohon tanki. Ina tsaye ƙarar tana ratsa ƙirjina ina jira in ji wani abu, kuka ko sanyi ko kunya, ba abin da ya zo. Ya leƙo ya ce kada in ƙara, ya ja jirginsa.

Na naɗe tutar da sauri na mayar ƙusa, na wanke ƙafa a bakin randa, na shiga. Inna tana zaune a ƙofar ɗaki, hannuwanta a kan gwiwa.

"Kin ji?"

"Na ji."

"Har tsayawa ya yi. Mai fitila ma ba a tsaya masa ba." Sannan ta ce, "Ashe ba su manta da shi ba. Aika a gaya wa ubanki ya zo da mota."

Na ɗauki tsintsiya na shiga share ƙasar bayan gado.

Washegari babana ya hau ya kwance hular. Rana ta cinye launinta, zanzaro ya yi gini a ciki. Muna ɗaure kaya Inna ta shiga zaure ta ciro tutocin da kanta. Koriyar tana nan da naɗinsa. Jar kuwa naɗin tabarma na yi mata, ga busasshen taɓo a jikin sandar. Ta daɗe tana riƙe da ita. Ina tsaye a bayanta da ƙullin kwanuka a kai, ina jiran mari na biyu. Sai ta kankare taɓon da farce, ta goge da bakin zanenta, ta warware tutar, ta lanƙwaso kusurwa ciki, ta murɗa tam, ta cusa bakin a ƙasa. Ta miƙo mini ba ta juyo ba.

"Ungo. Sa a akwatinki."

Ta sani ke nan, kuma ta san na san ta sani. Ba mu taɓa yin maganar ba. Bangon ya faɗi kafin ƙarshen wannan daminar, da rana, ba kowa a ciki. Shekara uku ta yi a Na'ibawa kafin ta rasu, kuma duk baƙon da ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin yadda jirgi ya tsaya cak don Malam, ya busa sau uku. In tana faɗa takan kalli kowa a ɗakin ban da ni.

Bara na bi ta wajen a adaidaita. Ofishin yana nan ba rufi, an kewaye inda gidanmu yake da katangar sito, manyan motoci sun yi layi suna jiran lodin da jirgi yake ɗauka a da. Sandar sigina tana tsaye, an ɗaura mata igiyar shanya. Ana ta maganar sabon layi da sababbin jirage, Allah ya sa a yi. Ban sani ba ko akwai sauran mutum ɗaya da zai ga hula a sama ya san abin da ake nufi. Na ce wa mai adaidaita ya ci gaba.

'Yata ta gaji da amarcinta ta kawo mini tutar tana jan ta a ƙasa. Na karkaɗe, na gwada naɗin sau biyu yana kwancewa, har yau hannuna bai iya shi ba.

"Mama, ta wace ce?"

"Ta kakana ce. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne."

"Babba ne?"

Na ji bakina yana cewa, "Babba ne. Da ya rasu har jirgi sai da ya tsaya dominsa, ya busa sau uku."

Ta ce kai, ta buɗe ido tana kallona. Ni kuwa akwatin nake kallo.